Inshorar lafiya kafin fita ƙasar waje: wacce za ka saya?

Mahaifiyata tana fama da ciwon sukari da hawan jini. Shi ya sa da za mu fita da ita daga nan Zariya na zauna na karanta takardun inshora layi-layi, kuma na ga abin da ya kamata kowane matafiyi ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa.

Akwai wadda ke zuwa tare da biza, kamar ta Umara. Saudiyya ta haɗa ta cikin kuɗin bizar, amma don larurar gaggawa aka yi ta. Ga mai ƙoshin lafiya da zai yi mako biyu ya dawo, ta wadatar.

Sai mai arha, wadda ejan ke haɗa maka don kawai a cika sharaɗi. Ƙasashen Shengen, irin su Jamus da Faransa, ba sa ba da biza sai da inshorar da ta kai Yuro 30,000, har da kuɗin dawo da majinyaci ko gawa gida. Mai arhar ta cika wannan. Inda gizo ke saƙar shi ne yawancinsu ba sa biyan jinyar ciwon da ka bar gida da shi. Idan sukarin dattijuwa ya hau aka kwantar da ita, sai su ce tsohon ciwo ne, babu ruwansu. A Ingila kuwa, baƙon da aka kwantar a asibitin gwamnati ana cajinsa kashi 150 cikin ɗari na kuɗin jinyar.

Ni dai na zaɓi mai tsadar da ta amince da tsohon ciwo, bayan na bayyana musu komai. Kada ka ɓoye, don ɓoyewar kaɗai ta isa su hana ka ko sisi. Ka kuma tambaya: su ne za su biya asibiti kai tsaye, ko kai za ka biya su mayar maka daga baya? Ta biyun tana nufin sai ka riƙe kuɗi masu kauri a hannu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar gama-gari ba, ya tuntuɓi kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora ta Najeriya.

Rigakafi ma akwai zaɓi. Saudiyya na neman maniyyata su yi allurar sanƙarau ta ACWY, aƙalla kwana 10 kafin isa. Allurar iri biyu ce: ta farko takardarta shekara 3 take yi, ta biyu kuma shekara 5. Mai yawan zuwa ya nemi ta biyun. Ta shawara sau ɗaya ake yi, tun 2016 katin yake aiki har iya rayuwa.

Kafin mu tashi mun je asibitin koyarwa na Shika, likitanta ya rubuta mana rahoto da Turanci, da ainihin sunayen magungunanta. Magani ya zauna cikin kwalinsa a jakar hannu, musamman insulin, don sanyin ɗakin kayan jirgi na iya lalata shi. Tramadol da kodin kuwa, kada ka shiga Masar ko Dubai da su ba tare da takardar likita da izinin ƙasar ba, ko da wani ne ya ba ka saƙo.