Scrivener: manhajar rubutu ga mai ayyuka da yawa da lokaci ƙalilan

Wanda rubutu bai zama sana'arsa ba tukuna ba ya samun yini cur ya zauna gaban kwamfuta. Minti arba'in ne kafin fita aiki, ko awa guda da dare, ƙarshen mako kuma wataƙila taron baje kolin littattafai da zane-zane ya cinye shi. Ga labari mai babi talatin a hannu, ga gajerun labarai biyu, ga ɗan ƙaramin littafin da ake so a buga a kai taro. Da ma'aunin irin wannan mutum aka auna Scrivener a nan.

Kamfanin Literature & Latte na Ingila ne ya yi ta. Ta fito a kwamfutocin Mac a 2007, ta iso Windows a 2011, sannan iPhone da iPad a 2016. Siga ta uku, wadda ake amfani da ita yanzu, ta fito a Mac a 2017, amma masu Windows sai da suka jira har 2021. Sau ɗaya ake saye, babu biyan wata-wata, sai dai lasisin Mac daban, na Windows daban, na iPad daban. Gwajin kyauta kwana 30 ne, kuma kwanakin da aka buɗe ta kawai ake ƙirgawa. Mai rubutu sau biyu a mako zai yi sama da wata uku bai biya ba.

Babban abin da ta fi Word da shi shi ne ba ta ɗaukar littafi a matsayin doguwar takarda ɗaya. A gefen hagu akwai jerin jakunkuna, kowane babi da tasa, kowace fitowa a cikin babi kuma takarda ce mai zaman kanta. Idan fitowa ta huɗu a babi na tara ta fi dacewa da babi na biyu, jan ta kawai za a yi a ajiye, ba sai an yanka an liƙa ana fargabar ɓatar da sakin layi ba. Kowace takarda tana da kati da ake rubuta taƙaitaccen bayaninta, kuma ana iya baje katunan duka a allo ɗaya. Amfanin wannan yana fitowa ne idan an dawo daga tafiya bayan kwana goma ba a taɓa labarin ba. Karanta katuna talatin bai wuce minti biyar ba, mutum ya tuna inda ya tsaya. Sharaɗin dai a riƙa cike katin ranar da aka rubuta fitowar, domin katin da aka bari fanko ba ya tuna wa kowa komai.

Mai tsohon rubutu a Word zai iya shigo da shi, ya ɗora ɗan layin nan mai ƙyaftawa da ke nuna inda ake rubutu a farkon kowace fitowa ya danna Ctrl da K, ko Cmd da K a Mac, takardar ta rabu biyu. Kafin babban gyara kuma a danna Ctrl da 5. Manhajar za ta ajiye kwafin takardar yadda take a lokacin, daga baya ta nuna abin da aka cire da abin da aka ƙara, ko ta mayar da tsohon idan gyaran ya ɓata.

Ma'aunin kalmominta ma an yi shi da hankali. Ana saka adadin da ake so littafin ya kai, da ranar gamawa, da ranakun mako da ake rubutu, ita kuma ta raba. Kalma 60,000 cikin mako 30, ana rubutu kwana huɗu a mako, ya zama kalma 500 a kowane zama. Idan taro ya ci kwana uku, tana sake lissafi ta ɗora gibin a kan sauran kwanakin, adadin yau ya ɗan ƙaru. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaɓi kwana bakwai a mako saboda zumuɗi, sai adadin ya riƙa hawa kullum har mutum ya daina dubawa.

A tafiya ne rauninta yake, kuma mai yawan zuwa taro ya kamata ya san wannan kafin ya saya. Babu ta a Android sam. Tsakanin kwamfuta da iPad ko iPhone kuma, hanyar da aka gina mata ta daidaita aiki ita ce Dropbox, wata ma'ajiyar fayiloli a intanet. Dalilin da abin yake da tsauri shi ne, abin da ido ke gani kamar fayil ɗaya a gaskiya jaka ce mai ɗauke da ƙananan fayiloli masu yawa, wani lokaci ɗaruruwa, da wani guda da ke riƙe tsarinsu. Idan aka rufe kwamfuta kafin dukkansu su gama hawa intanet, sannan aka buɗe aikin a iPad a ɗakin taro, rabi sabo ne rabi tsoho. Manhajar kan ware takardun da suka ci karo da juna a wata jaka ta daban don kada su ɓace, amma tantance su da hannu aiki ne mai cin rai. Tsarin da ba ya ba da matsala shi ne a rufe aikin a kwamfuta, a jira Dropbox ya nuna ya gama, a daidaita a iPad tun ana gida inda intanet ke da ƙarfi, kuma kada a bar aiki ɗaya a buɗe a na'ura biyu. Kamfanin da kansa ya yi gargaɗi kan ajiye aikin da ake kan yi a Google Drive. Kwafin ajiya da take yi duk lokacin da aka rufe aiki guda biyar kawai take riƙewa idan ba a canza ba, wanda mai buɗewa da rufewa sau uku a rana zai cinye cikin kwana biyu. A ƙara adadin, a kuma sa jakar ajiyar a wani wuri daban da inda aikin yake.

Sai maɓallin Compile, wanda ke haɗa takardun su zama littafi guda a PDF, ko Word, ko epub, wato tsarin littafin da ake karantawa a waya ko na'ura. Yana da iko sosai, amma koyonsa da wuya, domin yadda rubutu yake a allo ba lallai ne haka zai fito ba. Sai an gaya wa manhajar wace takarda ce kan babi, wacce ce fitowa, sannan a haɗa kowane nau'i da fasalin da ake so. Idan aka tsallake wannan, lambobin babi kan ninku ko kowace fitowa ta fara a sabon shafi. Wanda zai buga babin ɗanɗano ya raba a taro ya gwada wannan mako biyu kafin ranar, da babi ɗaya tak, ya kuma duba ƙ da ɗ da ɓ a cikin PDF ɗin, don wasu nau'o'in haruffa ba su da su, sai su fito da wata siffa dabam ko akwatin banza. Littafi mai zane da yawa kuwa, tsara shafinsa ba aikin Scrivener ba ne.

Ba ta da hanyar da mutum biyu za su yi rubutu a takarda ɗaya lokaci guda, kuma editoci galibi a Word suke gyara, don haka zagayen ƙarshe can zai koma. Mai gajerun labarai na shafi biyar ko waƙoƙi ba ya buƙatarta. Mai dogon labari da ke rubutu a gutsuttsuren lokaci zai ci moriyarta, muddin ya ware zama biyu ko uku ya bi darasin koyo da ke cikinta kafin ya zuba mata littafinsa.