Injin goge fentin mota ga ɗan koyo

Gaskiya in yanzu za ka fara, kar ka ma kalli injin nan mai juyi kawai, ka ɗan yi sakaci ya ƙona maka fenti musamman a gefuna. Ni Griot's Garage G9 na ɗauka, yana juyawa yana kaɗawa lokaci guda shi ya sa fentin ba ya ɗaukar zafi sosai. Na sa man goge karce na Meguiar's Ultimate Compound a soson injin mai ɗan tauri, na bi da man ƙara sheƙi na Ultimate Polish a mai laushi, wallahi zane-zanen nan kamar saƙar gizo-gizo da ke fitowa a rana sun ɓace. Amma fa karcen da farce ke maƙalewa ciki yana nan daram. Kuma hannu na gajiya, ba wasa.