Faifan Joshua Rifkin na kiɗan Scott Joplin: sharhi bayan saurare

Kamfanin Nonesuch na Amurka ne ya fitar da wannan faifai, Piano Rags by Scott Joplin, a 1970. Kiɗa 8 ne a ciki, duka na Scott Joplin, mai tsara kiɗa ɗan Amurka, makaɗin fiyano Joshua Rifkin ne ya kaɗa su, fiyano zalla, babu ganga babu murya. Abin da ya ɗaga shi sama da takwarorinsa shi ne natsuwa. Joplin da kansa ya sha rubutawa a saman takardun kiɗansa cewa kada a kaɗa ragtime, wato salon kiɗan fiyano irin nasa, da sauri, Rifkin kuma ya bi maganar sau da ƙafa, a kan babban fiyano mai kyakkyawan saiti, maimakon mai ƙarar kwano irin na gidajen shaye-shaye.

Ga inda natsuwar take amfani. Hannun hagu yana tafiya kamar sojan fareti: sautin ƙasa, na tsakiya, na ƙasa, na tsakiya, bugu 4 a kowace gaɓa, wato ɗan yankin da ake auna kiɗa da shi. Hannun dama kuwa yana sauke nauyinsa a tsakanin bugun, ya riga shi ko ya biyo bayansa. Wannan saɓanin shi ne daɗin kiɗan gaba ɗaya. Da an ƙara gudu sai hannuwan biyu su cakuɗe, kunne ya kasa raba su. A Maple Leaf Rag na 1899, mai sassa 4, kowanne gaɓa 16, ana jin kowane sauti daram, har a sashe na uku inda hagun yake tsalle mai nisa kuma yawancin makaɗa suke taka feda, matakin ƙafa mai sa sauti ya daɗe, don rufe kuskure. Rifkin ba ya yawaita feda, shi ya sa sautin ƙasan bai dagule ba.

A ganina Magnetic Rag na 1914 ne gwarzon faifan. Akwai sashe mai sautin alhini a tsakiyarsa, kuma Rifkin ya ba shi lokaci ya numfasa. Gladiolus Rag na 1907 na biye da shi. The Entertainer kowa ya san shi, ya fito tsaf.

Aibinsa kuwa, wani lokaci tsantsenin yana yin yawa. The Ragtime Dance kiɗan rawa ne, har Joplin ya umarci makaɗi ya buga dunduniya a ƙasa a wuraren da kiɗa ya tsaya, amma a hannun Rifkin ya fi kama da na zauren taro. Haka nan idan ya maimaita sashe ba ya ƙara masa ado, abin da ke rubuce shi yake kaɗawa. Wanda yake neman gudun yatsu irin na Zez Confrey a Kitten on the Keys, ko tsallen James P. Johnson a Carolina Shout, duka na 1921, ba zai samu a nan ba.

Kada a saurare shi da lasifikar waya. Ba ta iya fitar da sautin ƙasa, hannun hagu ya ɓace, sai a ji hannun daman yana tangaɗi ba dalili. A sa abin saurare na kunne ko lasifika mai ɗan girma. Mai sayen tsohon faifan garmaho, mai juyi 33⅓ a minti, ya duba zoben ciki, na kusa da tsakiyar faifan, da kyau kafin ya biya. Allurar da ta cinye a can ta fi yin ɓarna, kuma Magnetic Rag a ƙarshen gefe na biyu yake.