Kamfanonin feshin ƙwari a gida: me suke yi, kuma wane shiri ke kan mutanen gida

A birane irin su Kano, Kaduna da Zariya masu feshi iri biyu ne. Akwai mai zagaya unguwa da injin goyo, a yi ciniki a ƙofar gida, ya shiga ya fesa, ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba. Akwai kuma kamfani mai rajista, wanda zai fara turo mutum ya duba gidan, a sa rana, a yi aiki, sannan ya sake dawowa. Na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma shi ne ya ci kuɗinsa, amma fa sai in mutanen gida sun yi nasu ɓangaren. Yawancin ƙorafin da ake yi cewa an yi feshi amma kuɗin cizo ya dawo bayan sati biyu, in aka bi diddigi, ko ba a kintsa ɗakin ba ne, ko ba a yi zagaye na biyu ba.

Tun a wajen dubawa ake gane wanda ya san aikinsa. Zai zo da tocila, ya ɗaga katifa ya bi ɗinkin gefenta, ya leƙa mahaɗar katakon gado da bayan fuskarsa, har cikin soket. Ɗigo-ɗigon baƙi kamar na biro a jikin ɗinkin, kashin kuɗin cizo ne. Ƙwansa kuwa fari ne, bai wuce milimita 1 ba. A kicin zai ja firji, don ƙaramin kyankyaso mai ratsi biyu a bayan kai yana son ɗumin injin, nan yake hayayyafa. Babban kyankyaso ja kuma daga sokawe da masai yake hawowa, don haka maganinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya tsaya a tsakar gida ya ƙirga ɗakuna ya yanka farashi, bai duba komai ba.

Kuskuren da aka fi yi a nan na kunya ne. Uwargida ta ji baƙo zai shiga ɗaki, sai ta share ko'ina ƙal, ta kankare hanyar gara daga bango, ta kwashe kashin ɓera. To an goge wa mai duba shaidar da zai yi aiki da ita. A bar komai yadda yake har ya gani. A kuma dakatar da fesa maganin gwangwani 'yan kwanaki kafin zuwansa, domin ba ya ƙarar da ƙwarin, tarwatsa su yake yi su bazu zuwa wasu ɗakunan.

Kafin a biya ko kwabo, a tambayi sunan maganin, a ga kwalbar a rufe da lambar NAFDAC a jikinta, a buɗe ta a gaban maigida. A nemi ganin lasisin hukumar EHCON, wadda ke yi wa duba-gari da kamfanonin irin wannan aiki rajista. Abu biyu ne in aka ji su a sallami mutum nan take. Na farko dichlorvos, wato sinadarin da ke cikin Sniper da haɗin ota-piya-piya, wanda tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa. Ba na ɗakin kwana ba ne. Na biyu ya fi muni: ƙwayar nan da ake sa wa hatsi a sito, irin su Phostoxin. Da ta sha danshi sai ta saki iskar guba da ke ratsa silin da tsagar bango ta shiga ɗakin maƙwabci, kuma tana kisa.

Shirin ranar feshi ya danganta da abin da ake yaƙa, kuma nan ne kamfanoni da yawa suke da rauni, don ba su cika ba da bayani a rubuce ba, sai dai a ce a kwashe abinci kawai. Na kuɗin cizo ya fi kowanne wahala. Zanin gado, rigar filo, labule, gidan sauro da duk tufafin da ke kusa da gado, a zuba su a manyan ledoji a ƙulle bakin tun a cikin ɗakin, kada a rungumo su a ratsa falo ana zubar da ƙwai a hanya. A wanke da ruwan da zafinsa ya kai digiri 60, ko a bi su da dutsen guga, musamman wajen ɗinki. Wankakku su shiga sabuwar leda, ba wadda aka fito da su ba, su zauna a ciki har a gama zagaye na biyu. Shanya katifa a rana yana ragewa amma ba ya gamawa, ƙwarin komawa suke yi ɓangaren da ke ƙasa mai sanyi. Gado a kwance shi in mai kwantuwa ne, a jingine katifa, a zazzage durowa da sif, a ja kujeru da kabad kimanin santimita 60 daga bango, a ɗaga bakin kafet ko ledar ɗaki. Ɗakin da aka yi wa jere har rufi, ba yadda za a yi magani ya kai bayan kayan in ba a sauke su ba, komai ƙwarewar mai feshi. Kuma kada a ɗauki kaya daga ɗakin da ke da ƙwarin a ajiye a wanda ba shi da su. Akwatin yaron da ya dawo daga makarantar kwana da kujerar gwanjo su ma a nuna su, sau da yawa ta nan ƙwarin suka shigo.

Na kyankyaso a kicin ya fi sauƙi. A kwashe tukwane, kwanuka da kayan abinci, a wanke maiƙon da ya daskare a gefen risho ko kukar gas, a gyara famfon da ke ɗiga. Kamfani mai kyau ba ya jiƙa kicin da feshi. Wani magani mai kauri yake ɗiɗɗigawa kamar ƙwayar gero a maƙalar ƙofar kabad da lunguna, kyankyaso ya ci ya je ya mutu a maɓoyarsa, 'yan uwansa su ci gawar su bi shi. In aka fesa wani abu a kan ɗigon, ko aka bar ragowar tuwo a buɗe da dare, ba za su kula shi ba.

Randa, duro da tankin ruwa a rufe su ruf, rijiya ma haka. Kaji, tattabaru da kyanwa a fitar da su tare da kwanon abincinsu. Mai kiwon kifi ya lulluɓe wurin, domin magunguna irin su deltamethrin da cypermethrin ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. A gaya wa mai feshi tun farko in akwai mai juna biyu, jariri, tsoho ko mai asma. Su waɗannan gwamma su kwana a wani gidan.

Bayan feshi yawanci awa 2 zuwa 4 ake jira, ko abin da aka rubuta a jikin kwalbar, sannan babba ɗaya ya shiga ya buɗe tagogi da ƙofofi na aƙalla minti 30 kafin yara su shigo. A wanke wurin yanka da duk inda abinci ke taɓawa da sabulu. Amma gindin bango da lunguna kada a goge su da ruwa har sati biyu, don busasshen maganin da ya kwanta a nan shi ke aikin. Mutane na auna feshi da ƙarfin wari, har wasu masu feshin na ƙara kananzir don maigida ya gamsu. Magunguna masu kyau da yawa ba su da wani warin kirki. Ganin kyankyaso na tangaɗi da rana a kwanakin farko alama ce ta magani ya kama. In kuwa wani ya fara amai, dalalar miyau, gumi ko numfashi da ƙyar, a fitar da shi iska a wuce asibiti da kwalbar ko hotonta, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara.

Zagaye na biyu shi ne abin da za a tabbatar yana cikin farashi tun wajen ciniki. Feshi ba ya cika kashe ƙwan kuɗin cizo, kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, shi ya sa ake dawowa bayan kwana 10 zuwa 14. A tsakanin nan a ci gaba da kwana a ɗakin: numfashin mai barci ne ke fito da su su taka maganin, in aka ƙaurace sai su lafe, kuma suna iya yin watanni ba su sha jini ba.

Ɓera da gara, feshi ba ya musu komai. Maganin ɓera na zamani yana ɗaukar kwana 3 zuwa 7 kafin ya kashe, kuma a cikin akwati mai rufi ya kamata a sa shi saboda yara da kaji. Toshe ramuka da siminti da ragar ƙarfe kuwa ba kasafai yake cikin aikin kamfani ba, na maigida ne, ga shi ƙaramin ɓera rami mai faɗin fensir ya ishe shi wucewa. Gara a ƙasa gidanta yake, sai an haƙa gefen tushen gini ko an huda daɓe an ɗura magani. A gidan haya mai ɗakuna a jere kuma, sai an haɗa baki da maƙwabta an yi rana ɗaya, in ba haka ba ƙwarin za su bi ta silin su koma ɗakin da ba a taɓa ba, su dawo in maganin ya yi sanyi.