Dandali ko allon waya: ina ya fi daɗin kallon labarin gida?

Labarin kishiya, rabon gado, ko ɗan da ya tafi birni ya manta da iyayensa, duk kana iya kallonsa a fim ɗin Kannywood a wayarka. Kana kwance a tabarma, ka tsayar ka yi salla, ka dawo ka ci gaba. Kuɗin data kawai za ka kashe. Waƙoƙin an gyara su a situdiyo, murya ba ta rawa.

Ni dai dandali ya fi kwanta mini a rai. A ƙauyen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, wanda aka gina da ƙasa, ɗakuna zagaye da fili irin na gidan Bahaushe, 'yan kallo na zaune dab da 'yan wasa har ana jin numfashinsu. In uwa ta rera waƙar rarrashi, mai kalangu na gefe yana bin muryarta, ta ja ya ja, ta sassauta ya sassauta. In ta yi kuka, dattijuwar da ke kusa da kai ma tana share ido da bakin mayafi, wata kuma ta ce "Allah sarki!" da ƙarfi, ɗan wasan ya ji, ya ƙara nauyi a maganarsa.

Wahalarsa a fili take: kuɗin mota, jiran a fara, sanyin hunturu, kuma in aka tashi an tashi, babu mayarwa baya. A kai yara ko da sau ɗaya ne, su zauna kusa da kakarsu su kalla tare.