Hattara masu tsohuwar Fijo: akwai mai sayar da kayan 504 a hoto kawai

Assalamu alaikum ƴan uwa masu raya tsofaffin motoci a Damagaram da kewaye. Na so in haɗiye wannan magana don kunya, amma jiya wani abokina na Matamaye ya turo mini hoton da aka cuce ni da shi, yana tambaya ko ya tura kuɗi. Shiru ya ƙare ke nan.

Motata Peugeot 504 ce, gadon mahaifina, haɗin Kaduna, mai injin fetur na lita biyu. Shekara biyu ina tashinta kaɗan-kaɗan a wani garaji a Sabon Gari: an yi fenti, an ɗinke kujeru, an sauke inji an mai da. Saura kafireta da fitilun gaba, waɗannan masu girar sama da ke sa a gane 504 tun daga nesa. Motar da aka fara ƙerawa a Faransa tun 1968, ga shi ko Kaduna ta daina haɗa ta, sabon kayanta na asali sai an tona. Abin da ke kasuwa ko na mushen mota ne, ko jabu.

Na yi cigiya a Facebook, kafin la'asar wani ya biyo ni WhatsApp. "Alhajina, kayanka suna hannu." Wai shagonsa na Kwatano, wansa ke kwaso ragowar tsofaffin shaguna a Faransa. Ya turo hoton kafireta ƙirar Solex sabuwa fil a kwalinta, da fitilu biyu suna ƙyalli. Abin da ya kwance mini lissafi shi ne ya san mota. Shi ya fara tambayata kafiretar mai maƙogwaro ɗaya nake so ko mai biyu, motar kuma ƙarama ce ko doguwar nan ta iyali. Wanda ya yi maka irin wannan tambaya, ka ɗauka ɗan hannu ne. Ashe ɗan hannun ne, amma a wata sana'ar.

Muka daidaita a jaka 120, rabi kafin alƙalami. Na tura. Bayan kwana huɗu ya kira, wai ai na san tun 2023 aka rufe gadar Gaya, sai kaya sun zagayo ta Lome da Burkina, ƴan duwan kuma suna neman jaka 25. Maganar iyaka gaskiya ce, kowa ya sani, a cikinta ya naɗe ƙaryarsa. Sai kuma motar direba ta lalace a Konni, a taimaka da jaka 10. Kowane turi da sunan mutum daban, wai yaron shagonsa ne. Nan ya kamata in farga, sai dai wanda ya riga ya zuba jaka 95 ba ya son jin cewa ya yi asara.

Ga inda ya fi sauran macuta wayo: yana aiko da kaya. Ya turo hoton kwali a tasha da sunana a jiki, ya ce in cika kafin mota ta tashi. Na cika.

A garaji muka buɗe. Tsohon makaniken ya ɗaga kafiretar, ya shinshina, ya ce, "Ɗana, wannan fenti bai kwana uku ba." An fesa mata ruwan azurfa har kan kusoshi. Ya kama sandar da ke buɗe maƙogwaron ya girgiza, tana rawa kamar haƙorin tsohuwa. Ta nan iska ke sata, inji ba zai taɓa zama lafiya a tsaye ba. Da ya kwance murfin, tulun da ke tsai da mai ya huje, ƙananan bututun feshin mai kuma an cire su. Fitila ɗaya ce tak a naɗe cikin takardar buhun siminti, gilashin an like shi da gam, madubin ciki ya yi baƙi. Yaron motar da ta kawo kwalin ya ce a Maraɗi aka ɗora shi. Na kira, an toshe ni.

Na kai ƙara komisariya da takardun turin kuɗi da saƙonninmu duka. Wanda abin ya shafa ya je shi ma, kada ya goge komai a wayarsa. Da na dage macucin ya kira ni ta bidiyo ya juya kafiretar a hannu, ya nuna lambar jikinta kusa da takarda mai sunana, da ba a kai nan ba. Sau biyu na nema, ya ce intanet ba kyau, na ƙyale shi. Yanzu kuɗina ba ya fita sai makanike ya taɓa kaya da hannunsa, ko da za mu bi ta Matamaye mu je Ƙofar Ruwa a Kano mu tona da kanmu.

Mutumin ya sake suna da lamba, yanzu har kayan 404 mai tanti da tsohuwar Land Rover yake talla. Hoton dai bai sake ba: kwalin Solex a kan shuɗin tayil, da jar buta a kusurwar hagu.