Soson jiƙa baki bayan tiyata: amfaninsa da haɗarinsa

Mutum in ya farfaɗo daga allurar barci, sau da yawa abin da yake fara nema shi ne ruwa, nas kuma ta ce a dakata. Don wannan tsakanin aka yi soson jiƙa baki. Ɗan soso ne mai laushi kamar kan yatsa, galibi ruwan hoda, an manna shi a kan siririn tsinke, kowane ɗaya a ledarsa. Wanda ya fi suna shi ne Toothette, amma akwai ire-irensa marasa suna a shagunan kayan asibiti.

Ƙishirwar tana da dalili. Ƙa'ida ita ce a bar abinci awa 6 kafin tiyata, ruwa zalla kuma awa 2, amma a asibitoci da yawa ana cewa kada a sa komai a baki daga ƙarfe 12 na dare, sannan layi bai zo kan mutum ba sai azahar. Ga magunguna irin atropine da glycopyrrolate da ake bayarwa a ɗakin tiyata, waɗanda ke tsayar da yawu. Ga iskar oksijin busasshiya. Ƙarin ruwan da aka rataya masa yana cika jijiya, amma ba ya jiƙa harshe, shi ya sa za ka ga leda ta biyu tana tafiya, majinyaci kuwa yana ta roƙon ko ɗigo ɗaya.

Hana shi da ake yi ba mugunta ba ce. Maƙogwaron wanda bai gama wartsakewa ba ba ya rufe hanyar numfashi da kyau, sai ruwan ya gangara huhu ya jawo namoniya. Amai kuma yana samun kusan mutum ɗaya cikin uku bayan allurar barci, yunƙurinsa yana jan ɗinki.

A nan soson ya yi rawar gani. Ruwan da yake ɗauka bai kai a ƙware da shi ba idan an matse, amma ya isa ya saki harshen da ya manne wa ganɗa. Mai jinya ya wanke hannu, ya ɗaga kan gadon majinyaci ya zama a kishingiɗe. Kafin komai ya ja kan soson da yatsu ya tabbatar yana manne da tsinken. Ya tsoma cikin ruwa mai tsabta mai sanyi, ya matse a bakin kofi har ya daina ɗiga, ya shafa cikin kumatu, dasashi, saman harshe, leɓe a ƙarshe. Kada a zurfafa can ciki, yana tayar da amai. Ruwan sanyi ya fi na ɗumi kwantar da ƙishirwa nesa ba kusa ba. Ana iya maimaitawa duk rabin awa, kowane karo da sabon soso.

Babban aibinsa yana wurin mannin nan. Idan aka bar soson a jiƙe cikin kofi, gam ɗin yana saki. Majinyaci mai magagi kuma yakan datse haƙora ya tsotsa, kan soson ya cire ya faɗa maƙogwaro. A 2012 hukumar kula da magunguna da kayan asibiti ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi a kan haka, yankin Wales ma ya daina amfani da shi a asibitocinsa. Don haka ba a miƙa wa majinyaci ya riƙe da kansa, ba a sa wa ƙaramin yaro, ko mai ruɗewa, ko wanda yake cizo. Irin waɗannan a shafa musu a leɓe kawai.

Akwai nau'in da aka jiƙa da lemun tsami da gilisarin tun daga kamfani. A bar shi a kanti. Daɗinsa na minti kaɗan ne, daga baya gilisarin ya ƙara busar da baki, tsamin kuma yana yi wa fasasshen leɓe zafi. Busasshe mara ɗanɗano shi ne na saye. Inda ba a samu ba, gozi, wato ƙyallen rufe rauni, mai tsabta da aka jiƙa aka matse yana aikin leɓe da dasashi. Wanda ke kan oksijin kada a shafa masa basilin, a nemi abin shafawa da aka haɗa da ruwa, mara maiƙo, daga nas.

Da zarar an ba da izinin sha, aikin soso ya ƙare. Abin da ake dubawa shi ne ya farka sosai yana amsa magana, yana iya tari, yana haɗiye yawunsa, zuciyarsa ba ta tashi. Sai a fara da cokalin shayi ɗaya, mililita 5, a zaune, a jira kamar minti 15. In ya zauna lafiya a ƙara, har a kai kurɓi biyu ko uku a lokaci guda. Kada a matsa masa ledar fiya wata a baki: rabin lita ce, kuma hannu ba ya iya daidaita gudun ruwan. Lemun kwalba mai gas, madara da kunu su jira. Wanda aka yi wa aikin hanji, ciki ko maƙogwaro, ko mai roba a hanci, likitan da ya yi aikin ne kaɗai ke faɗin lokacin, ko da na gadon kusa ya riga ya fara shan shayi.

Mai jinya ya riƙa lissafa abin da aka sha ya faɗa wa nas, domin tana haɗa shi da yawan fitsari. Idan ƙishirwa ta ƙi lafawa, fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, ko mai ciwon sukari yana ta fitsari yana ƙara neman ruwa, a kira nas ta duba ƙarin ruwan ta auna sukarinsa.